Tagar Rufi a Ƙasar da Rana Ke Tsayawa Tsaka

Daga birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa nake kawo muku wannan sharhi, kuma abin da za mu tattauna a yau, ko da yake a zahiri ƙaramin al'amari ne da ya shafi magina da masu haɗa gilashi, yana da nasaba da dukiyar mutum da jin daɗin iyalinsa da sitirar gidansa, wato tagar nan da ake hudawa a rufin ɗaki domin haske ya sauko daga sama, musamman irin wadda ake yi wa firam da farar roba mai tauri, wadda masu sayarwa ke kira finil ko uPVC.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, mutanenmu da ke zuwa garin nan fatauci, waɗanda ke sauka a unguwar Deira suna yini tsakanin Naif da kasuwar zinariya da ofisoshin masu kago, ba sarin waya da turare kaɗai suke yi ba, idonsu yana kan gine-gine, kuma abin da idon ɗan kasuwa ya gani ya yaba, galibi ba a daɗewa sai an gan shi cikin kwantena ya nufi Kano ko Katsina ko Maraɗi. Waɗansu kuma daga cikinsu, tun da hukumar Dubai ta buɗe wa baƙi ƙofar mallakar gida a waɗansu unguwanni a shekarar 2002, sun sayi gidaje a nan suna gyara su yadda ransu ke so. To, daga waɗannan da waɗancan, tambayar da na fi ji ita ce, "Malam, na roba ya fi ko na alminiyom?" Tambaya ce mai kyau, amma a ganina ta yi gaggawa, domin akwai mas'alolin da suka gabace ta, waɗanda in mutum ya tsallake su, ko da zinariya ya yi firam ɗin, sai ya yi da-na-sani.

Bari mu fara da asalin abin, domin sanin inda abu ya fito yakan bayyana abin da aka yi shi dominsa. Huda rufi don haske daɗaɗɗen abu ne, Rumawa sun yi shi a gininsu na Pantheon, wanda har gobe tsakiyar ƙubbarsa ke da kafa mai faɗin kusan mita 9 a buɗe. Amma tagar rufi ta zamani, wadda ake ƙerawa a masana'anta a kawo ta cikin kwali a ɗora a gidan kowa, ta yaɗu ne daga ƙasar Denmak, inda wani injiniya mai suna Villum Kann Rasmussen ya kafa kamfaninsa a 1941, sa'an nan a shekarar da ta biyo ya fitar da tagar da ya sa wa suna Velux. Ku dubi halin ƙasar da aka yi abin dominta. A birnin Kopenhagen, wajen ƙarshen watan Disamba, yini kusan awa 7 ne kacal, kuma ko da azahar rana ba ta ɗagowa sama da digiri 11 daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Mutanen da ke cikin wannan hali, rana a wurinsu baƙuwa ce mai alfarma, duk kafar da za ta shigo marhabin suke yi da ita, da haskenta da ɗuminta baki ɗaya, tun da ɗumin ma yana rage musu kuɗin ɗumama gida.

A nan Dubai kuwa al'amarin akasin haka yake. Garin yana kan digiri 25 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a ƙarshen watan Yuni, idan rana ta take tsaka, saura digiri 2 kacal ta tsaya cak a bisa kan mutum; kuma cikin Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 40 kusan kullum, ga danshin teku a kai, har ta kai hukuma ta haramta sa lebura aiki a filin rana daga ƙarfe 12:30 zuwa ƙarfe 3 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba na kowace shekara. A irin wannan sa'a, tagar da ke jikin bango tana cikin rufin asiri, domin rana goga ta kawai take yi ta wuce, alhali tagar da ke shimfiɗe a rufi ita ke karɓar dukan ranar gaba da gaba. Masana sun auna cewa kowane murabba'in mita na shimfiɗaɗɗen wuri yana karɓar zafin da ya kusa wat 1,000 a lokacin, kuma gilashi falle ɗaya marar shafi yana barin kimanin kashi 80 cikin 100 na wannan zafi ya ratsa. Ma'anar wannan lissafi ita ce, wanda ya sa irin wannan taga a falonsa, daidai yake da wanda ya jona dutsen guga ya rataye a silin ya bar shi a kunne tun daga hantsi har la'asar, sa'an nan ya kunna na'urar sanyaya ɗaki ta yi kokawa da shi. Hukumar wuta da ruwa ta Dubai, wadda aka sani da DEWA, tana sayar da lantarki mataki-mataki ne, gwargwadon yawan shanka gwargwadon tsadar kowane ma'auni, don haka zafin da ya shigo ta rufi yana zuwa ne a kan mataki mafi tsada na takardar kuɗin wata.

Na shiga gidan wani bawan Allah ɗan kasuwa a wata unguwa da ke bayan gari, cikin watan Agusta, inda aka huda rufin matakalar bene aka sa gilashi faffaɗa. Tun daga ƙasa iskar gidan sanyi ƙalau, amma da muka fara hawa, kowace taka sai iskar ta ƙara nauyi, har da muka kai saman matakalar na ɗora hannu a ƙarfen dogarawa na ɗauke shi ba shiri. Fentin bangon da rana ke sauka a kansa ya koɗe ya bar zane mai kusurwa huɗu, kuma da na ɗaga kai sai na ga an hau rufin an shimfiɗa koren ragar nan da ake yi wa shuke-shuke inuwa da ita, an danne gefunanta da bulo. Maigidan ya ce mini, "Wallahi, Malam, daga watan biyar zuwa watan goma haka muke rufe ta." Firam ɗin tagar lafiyarsa lau, bai fashe ba, bai yi yoyo ba. Wurin da aka sa ta da girman da aka ba ta su ne suka ɓata lissafi.

Abin mamaki shi ne, mutanen garin nan na dauri sun warware wannan mas'ala tun kafin a kawo musu lantarki a farkon shekarun 1960, kuma shaidar tana nan tsaye ga mai son gani. Duk ɗan kasuwar da ke Deira, in ya ba da dirhami 1 ya hau ƙaramin jirgin ruwan katako da suke kira abra ya ƙetare mashigin ruwa zuwa Bur Dubai, tafiya kaɗan za ta kai shi tsohuwar unguwar Al Fahidi, wadda a da ake kira Bastakiya, saboda fataken garin Bastak na ƙasar Farisa ne suka gina ta a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Gidajen an yi su da dutsen murjani da farar ƙasa, lungunan matsattsu ne ta yadda bango ke yi wa bango inuwa, kuma a saman ɗakuna akwai hasumiyar iska mai baki huɗu da suke kira barjil, wadda ke kamo iska daga kowace fuska ta zubo ta ƙasa. Idan ka shiga ɗaya daga cikin ɗakunan ka tsaya har idonka ya saba, za ka lura rufin a toshe yake ruf, an jera sanduna an shimfiɗa tabarmin kaba an danne da ƙasa, haske kuwa yana shigowa ne ta ƙofa mai kallon tsakar gida, da waɗansu 'yan kafofi can sama kusa da rufi, waɗanda aka toshe da farar ƙasa mai huda-huda ta ado. Ɗakin yana da hasken da za ka karanta Alƙur'ani ba tare da fitila ba, amma babu inda rana ta taɓa ƙasa. Haka abin yake a gidan Shaihu Sa'id Al Maktum da ke Shindaga, wanda aka fara ginawa a 1896.

Wannan hikima ba ta mutanen bakin tekun Fasha ba ce su kaɗai. A tsofaffin gidajen Alƙahira, irin su Baitus Suhaimi da aka fara ginawa a 1648, maginan Misira sukan ɗaga tsakiyar rufin babban zaure su yi masa wata 'yar hasumiya mai hula, tagoginta suna tsaye a gefe, ta yadda haske zai shigo a kaikaice, zazzafar iska kuma ta sami hanyar fita. Alhazanmu da suka ziyarci Madina sun ga ƙubbobi 27 masu tafiya a kan dogo a faɗaɗawar Sarki Fahad ta Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda ake rufewa idan rana ta yi zafi, a zame su gefe idan gari ya yi sanyi. Kai, ko Bafaranshen nan Jean Nouvel, da aka ba shi zanen gidan tarihi na Louvre a Abu Dhabi, wanda aka buɗe a watan Nuwamba na 2017, bai shimfiɗa gilashi ya ce rana ta shigo ba, sai ya yi ƙubba mai faɗin mita 180, ya jera mata ragar ƙarfe hawa 8, wani bisa wani, domin hasken ya tace kafin ya iso ƙasa ɗigo-ɗigo. Mu ma in muka waiwaya gida, Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da sauran maginan soro da suka gaje shi, sun san abin da ya sa suke ɗaga bakan gizo su rufe da azara da ƙasa, su bar 'yar taga ƙarama can sama a jikin bango. Waɗannan duka, da Balarabe da Bafarishe da Bahaushe da Bature, da suka zauna da rana irin tamu, hukunci ɗaya suka yanke, wato a karɓi haske a hana rana shiga.

Saboda haka mas'ala ta farko ga mai son tagar rufi ita ce siffarta da wurinta. Inda ta fi amfani shi ne wurin da ba shi da bangon waje, kamar matakala, da doguwar baranda ta tsakiyar gida, da makewayi, da ɗakin ajiya. Falo mai manyan tagogi kuwa ba ya bukatarta, sai dai don ƙawa, ƙawar da ake biyan harajinta kowane wata kuwa tana kusa da shiga babin israfi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka tana ba da shawarar kada girman tagar rufi ya wuce kashi 5 cikin 100 na faɗin ɗakin da ke da tagogi da yawa, ko kashi 15 a ɗakin da ba shi da su sosai, kuma wannan ma'auni an yi shi ne ga ƙasar da ranarta ba ta kai tamu ba, don haka mu abin da ya kamace mu shi ne mu tsaya ƙasa da shi. Mafi alheri kuma, maimakon a kwantar da gilashin yana kallon sama, a gina masa ɗan akwati a bisa rufi, a rufe samansa, a tsayar da gilashin a gefensa na arewa, domin a Dubai rana da azahar kullum tana kudu ne, ba ta taɓa ƙetarawa arewa. Akwai kuma wata dabara da ta fito daga Ostareliya a shekarun 1980, wato bututu mai sheƙi a ciki wanda ake sa wa 'yar ƙubba a rufi, ya gangaro da haske ta cikin silin zuwa ɗaki. Kafarsa ƙarama ce, zafin da yake shigarwa kaɗan ne, kuma ga makewayi ko baranda ya wadatar.

Mas'ala ta biyu ita ce gilashin kansa, wanda shi ne mafi yawan faɗin tagar, kuma a nan ne ya kamata kuɗin mutum ya fi tafiya. Gilashin kirki falle biyu ne da iska ko gas a tsakani, an shafa wa ɗaya daga ciki wani siririn shafi na ƙarfe da ido ba ya gani, wanda ke barin haske ya wuce yana mayar da zafi. Kowane irin gilashi yana da lamba a takardarsa da ke nuna kason zafin rana da yake bari ya shiga, kuma nagari yakan sauko da shi daga kashi 80 zuwa wajen kashi 25. Idan mai shago ya ce maka, "Wannan ai tintad ne, ba ya zafi," ka nemi ya nuna maka lambar, domin duhun gilashi dabam, tare zafi dabam. Akwai baƙin gilashin da ke shanye zafi ya yi ta huro shi cikin ɗaki har bayan magariba. Wani sharaɗi da ba a sassauci a cikinsa shi ne fallen da ke ƙasa, mai kallon ɗaki, ya zama irin wanda aka manne falle biyu da leda a tsakani, kamar gilashin gaban mota, domin in ƙaddara ta sa ya fashe, ya tsaya a manne, kada ya zubo a kan yara.

To, yanzu sai mu zo ga tambayar mutanenmu, wato na roba ko na alminiyom. Wannan roba da ake magana a kanta dangin bututun ruwan famfo ce, wani masani Bajamushe mai suna Eugen Baumann ya haɗa ta a ɗakin bincike tun 1872, kuma a Jamus ɗin aka fara yin firam ɗin taga da ita a shekarun 1950. In ka shiga shagunan masu wannan aiki a unguwar masana'antu ta Al Quoz, ka ce su ba ka guntun da aka yanka ka duba bakinsa. Za ka ga cikinsa ba toshe yake ba, an raba shi ɗaki-ɗaki, uku ko biyar ko fiye, kowanne iska ce a ciki, a ɗakin tsakiya kuma akwai ƙarfe mai rufin tutiya da aka zura don ya riƙe shi, sa'an nan a gefe ga baƙar roba mai laushi da ke danne gilashi. Fa'idarsa babba ita ce ba ya isar da zafi. Alminiyom yana isar da zafi fiye da shi kusan sau 1,000, shi ya sa firam ɗin alminiyom na gama-gari, idan ya sha rana a waje, cikinsa ma ba ya taɓuwa. Firam ɗin roba kuwa ba ya tsatsa, gishirin iskar teku ba ya cin sa kamar yadda yake ɓata alminiyom marar kyakkyawan shafi a gidajen bakin ruwa, gara ba ta san da shi ba, ba ya neman fenti, kuma ana narka kusurwoyinsa ne a haɗe su, don haka babu tsagar da ƙura za ta bi.

Illarsa kuwa, wadda masu talla ba su cika ambata ba, tana tattare da zafin nan da muke gudu. Roba tana miƙewa idan ta ji zafi, tana tsukewa idan ta ji sanyi, fiye da alminiyom kusan sau 3, fiye da gilashi kusan sau 8. Ku ɗauki firam mai tsawon mita 2 a kan rufin Dubai, wanda a daren Janairu yake a digiri 15, da azahar ɗin Yuli kuma fatarsa ta kai 65. Bisa lissafi zai iya bambanta da milimita 7, alhali gilashin da ke cikinsa ko milimita 1 bai motsa ba. Wannan ja-in-ja na kullum, safe da yamma, shekara da shekaru, shi ne ke gajiyar da danƙon da aka liƙe gefuna da shi, har wata rana ya buɗe baki. Bayan haka robar tana fara laushi idan ta doshi digiri 80, kuma firam mai duhun launi da ke kwance a rufi ba shi da nisa da wannan haddi, saboda haka wanda ya zaɓi ruwan ƙasa ko baƙi don ya dace da fentin gidansa ya sani ya ɗauki kasada. Fari shi ne lafiya. Hasken rana kuma yana cin roba, yana mayar da ita rawaya, ta yi gautsi, in ba an zuba mata isasshen farin sinadarin da ke kare ta ba tun a masana'anta, wannan sinadari kuwa tsada gare shi, shi ne abu na farko da mai ha'inci ke ragewa. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 12608 ta raba waɗannan firam gida biyu, na ƙasashe masu matsakaicin yanayi mai alamar M, da na ƙasashe masu tsananin rana mai alamar S. A ido ba za ka bambance su ba ran da suke sababbi, sai bayan bazara uku ko huɗu, don haka tilas a nemi takarda, kuma tilas a leƙa a tabbata ƙarfen yana ciki.

Hukuncina dai a taƙaice, idan taga ƙarama ce, misalin mita 1 ko ƙasa da haka, farar roba mai alamar S daga masana'anta sananniya zaɓi ne mai kyau, ta ma fi alminiyom na gama-gari nesa ba kusa ba. Idan kuwa faffaɗan rufin gilashi ake nufi, irin wanda zai rufe tsakar gida, to roba ba ta da ƙashin ɗaukar wannan nauyi, sai alminiyom irin wanda aka raba cikinsa da wajensa da wani tsiri da ke yanke tafiyar zafi, ko kuma ƙarfe.

Akwai kuma ruwa, wanda mutanen garin nan suka daɗe suna raina shi, tun da abin da ke sauka a shekara guda bai cika kai milimita 100 ba. Ranar 16 ga Afrilu, 2024, aka yi ruwan da ba a taɓa rubuta irinsa ba a ƙasar tun da aka fara ajiye lissafi a 1949; abin da ya zuba a filin jirgin saman Dubai cikin yini guda ya haura na shekara ɗungum, a wani wuri kusa da Al Ain kuma ya wuce milimita 250. Rufin gidajen nan galibi shimfiɗaɗɗen dekin ne mai katanga a kewaye, magudanansa kuwa yashi ya daɗe da toshe su, sai ruwa ya kwanta a sama yana neman kafa, duk inda aka huda kankare kuwa nan ne ya fi rauni. Maganin wannan sananne ne ga duk magini mai amana: a gina wa tagar dakali da ya ɗaga aƙalla santimita 15 daga fuskar rufi, a naɗo shimfiɗar hana ruwa ta hau jikin dakalin har samansa, sa'an nan a ɗora firam ya rufe bakinta, a kuma ɗan karkata gilashin don kada ruwa ya kwanta. Mai aikin da ya ɗora firam a kan kankare kai tsaye ya zagaye shi da silikon ya ce an gama, ya sayar maka da yoyo ne bashi. Huda dekin da aka riga aka zuba kuma yana nufin yanke rodi, wannan kuwa aikin injiniya ne, kuma a Dubai sai da izinin hukumar da ke kula da gini a yankin, da takardar amincewar kamfanin da ya gina unguwar.

Ba zan bar maganar sitira ba, domin malamanmu na Malikiyya sun yi dogon bayani a kan tagogi, har wani magini masanin fiƙihu na birnin Tunis, Ibnur Rami, wanda ya rayu a ƙarni na 8 na Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini. A cikin abin da suke ruwaitowa akwai hukuncin da ake danganta wa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, cewa idan aka yi jayayya a kan tagar da ke kallon gidan maƙwabci, a ajiye gado a ƙarƙashinta mutum ya hau, in ya hango cikin gidan a toshe ta, in bai hango ba a bar ta. Bisa wannan ma'auni tagar rufi ta kuɓuta, ba ta leƙen kowa. Sai dai a gari irin wannan, inda ake wayar gari a ga bene hawa 30 ya tsiro a gefen gida hawa 2, mas'alar ta juya, mai tagar ne ya buɗe al'aurar gidansa ga na sama, musamman da dare idan an kunna fitila. Saboda haka a ɗakin kwana da makewayi, gilashi mai hazo, wanda haske ke ratsawa amma ido ba ya ratsawa, shi ne wajibi, kuma yana da ƙarin fa'ida, yana watsa hasken ya game ɗaki maimakon ya tara shi wuri ɗaya.

Wanda zai ɗauki abin ya kai gida kuwa, sai ya ƙara lissafi a kan wannan. Kano tana kan digiri 12, don haka rana tana tsayawa daidai bisa kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, a tsakanin lokutan biyu kuma tana ɗan karkata arewa, saboda haka ko gilashin da ke kallon arewa yana bukatar 'yar rumfa a samansa. Bukatarmu ga hasken yini ta fi ta mutanen Dubai, tun da wutarmu ba ta da tabbas, kuma barandar da ke duhu da rana tsaka abin takaici ce. Amma da wannan dalili ne kuskurenmu ya fi nasu ciwo, domin su in zafi ya shigo na'ura za ta kore shi su biya, mu kuwa a watan Afrilu, ba wuta, sai dai iyali su kwashe tabarmi su koma zaure. Ruwan da ke sauka a Kano cikin wata huɗu na damina ya ninka na Dubai na shekara sau da yawa, yana zuwa da iska mai ɗaga kwano, kuma yawancin rufinmu kwano ne a kan katako, wanda haɗa shi da taga yana bukatar farantan ƙarfe na musamman da ake saƙawa ƙarƙashin kwanon, waɗanda in ba a sayo su tare da tagar ba, kafinta zai yi dabararsa da kwalta. Sai kuma ƙurar hunturu, wadda cikin mako guda za ta mayar da gilashin tamkar bango, kamar yadda yashin iskar arewa ke yi a nan. Tun kafin a huda rufi ya kamata maigida ya san wanda zai riƙa hawa yana wankewa, da tsanin da zai hau, da inda zai taka, a kuma kewaye tagar da ɗan shinge ko a sa mata raga ta ƙarfe, domin gilashin da ƙura ta rufe ba a bambanta shi da rufi, kuma mai gyaran tankin ruwa ko mai ɗaura faifan sola da ya hau yana ja da baya da kaya a hannu ba zai san akwai rami a bayansa ba.